Taliya da romon tarwaɗa da sassafe: abin da na ci a Myanmar

Kafin in taka ƙasar Myanmar, wadda a da ake kira Bama, abin da na sani game da ita bai wuce hirar tsofaffin sojoji ba, 'yan Bama, waɗanda Turawan Ingila suka kwasa daga Najeriya da sauran ƙasashen Afirka ta Yamma suka je suka gwabza da Japanawa a Yaƙin Duniya na Biyu. Sai kuma labarin 'yan Rohingya da ya cika rediyo a 2017. Babu wanda ya taɓa yi mini zancen abincinsu. Na je a ƙarshen 2019, kafin juyin mulkin 1 ga Fabrairun 2021, saboda haka duk abin da zan faɗa na wancan lokacin ne.

Abincin da kowa zai tambaye ka ko ka ci shi ne mohinga. Siririyar taliyar shinkafa ce ake zuba wa romon kifi, galibi tarwaɗa. Ana dafa kifin a cire ƙaya a marmasa shi, a haɗa da albasa mai yawa, tafarnuwa, citta, kurkum, da ciyawar nan mai ƙamshin lemo da muke sakawa a shayi. Kaurin romon daga garin soyayyiyar shinkafa ko garin wake yake zuwa. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne ɓargon kututturen ayaba da suke yankawa a ciki, wanda mu a wajenmu yarwa ake yi.

Kwanon farko a otal na sha shi a Yangon, birni mafi girma a ƙasar, kuma da a nan na tsaya, da na dawo gida ina cewa zuzutawa ce kawai. Romo tsararo, ya huce, taliyar ta jiƙe ta yi laɓa-laɓa. An rage masa yaji da ƙarni don kada baƙi su gudu, sai ya tashi ba shi ga tsuntsu ba shi ga tarko.

Na gaskiyar sai a wani ƙauye da ke bayan Nyaung U, kusa da Bagan, inda tsofaffin wuraren ibadar Buda fiye da 2,000 suke warwatse a fili a gaɓar kogin Irawadi. Yankin busasshe ne: yashi, ƙaya, darbejiya, tsamiya, gonakin gyaɗa da riɗi, shanu na jan amalanke. Ba don hasumiyoyin jan bulo ba, sai ka rantse kana hanyar Daura. Ƙarfe shida da rabi direbanmu ya tsaya gaban wata dattijuwa da ta shafa thanaka a kumatu, wani farin kwaɓi na ɓawon itace da matansu suke shafawa saboda rana. Tukunyarta na kan garwashi tana ɓararraka. Kujerun roba 'yan mitsi-mitsi, irin na 'yan makarantar rainon yara, ka zauna gwiwa ta kusa taɓa haɓa.

Ta damƙo taliya ta jefa a kwano, ta kamfato romo tun daga gindin tukunya, ta yanka dafaffen ƙwan agwagwa, ta kakkarya wani soyayyen wake mai faɗi kamar faifai a kai, ƙaras-ƙaras. Ta tura mini lemun tsami da dakakken barkono. Da cokali ake sha, ba da tsinke ba. Cokalin farko ƙarnin kifi ya buge ni, na biyu citta da tsami suka biyo baya, kafin na biyar na daina magana. Ɓargon ayabar ba shi da wani ɗanɗano na kansa, romo yake tsotsewa, ka tauna ka ji ya fashe a baki. Daɗin duka yana cikin soyayyen waken nan: rabinsa ya jiƙe, rabinsa yana nan da ƙarfinsa. Na miƙa kwano a ƙara. Kwano biyun ko dala ɗaya ba su kai ba, ga koren shayi a buta kyauta, ka sha iya shanka. Wajen ƙarfe tara muka dawo ta wurin, ta riga ta kife tukunya. A birni kuwa har masu talla za ka gani da sanda a kafaɗa kamar 'yan ga-ruwa, tukunya a gefe ɗaya, kwanuka da taliya a ɗaya gefen.

Ƙarnin nan daga ngapi ne, ruɓaɓɓen kifi da gishiri, wanda shi ne daddawarsu. Wanda ya girma da miyar kuka ba shi da bakin yi wa kowa gorin wari, amma na yarda sai da na kwana uku kafin hancina ya saba.

A kasuwar yamma na tarar da wata yarinya gaban tanda, tandar masa sak, sai dai ramukanta ƙanana. Ƙullun shinkafa take zubawa, ta fasa ƙwan salwa a wasu, ta barbaɗa wake da ganyen albasa a wasu, in sun soyu ta kifa ɗaya a kan ɗaya. Sunan abin mont lin maya, wato wainar miji da mata. Bayanta ƙamas, cikinta laushi. Ba ta da tsamin wainarmu, kuma na yi kewar yajin ƙuli, amma na ci goma a tsaye.

Akwai awararsu ta ƙabilar Shan, wadda ba da waken suya ake yi ba, da garin wani wake mai ruwan ɗorawa. Soyayyiyar ta fi tamu santsi a ciki. Akwai kuma laphet thoke, kwaɗon ganyen shayi da aka tsima, da gyaɗa, riɗi, soyayyiyar tafarnuwa, tumatir da kabeji. Yana da daɗi ƙwarai, ɗaci-ɗaci, tsami-tsami. Kuskurena da daddare na ci, ido ya ƙeƙashe har asuba. Bayan cin abinci sukan kawo 'yan dunƙule-dunƙulen htanyet, mazarƙwailar da ake dafawa daga ruwan wata bishiya 'yar'uwar giginya. Ruwan nan in ya kwana ya tsima giya ne, don haka a tambaya kafin a kurɓa.

Inda zan rage musu maki shi ne mai. Miyar namansu iyo take yi a cikin mai, har ka rasa ta inda za ka fara. Sannan yawancin kwaɗonsu da hannu ake cakuɗawa, hannun da ya karɓi kuɗi yanzun nan. Wani kwaɗon taliya mai sanyi da na saya a wata tasha ya kwantar da ni yini guda cur, ina safa da marwa tsakanin gado da bayi. Tun daga ranar ban ƙara cin abin da ban ga tururinsa ba.

Ga Musulmi, naman alade yana ko'ina a titi, musamman tsiren kayan ciki da ake jerawa kewaye da tukunyar romo, mutane na zaune suna tsomawa. Taliyar Shan ma sau da yawa da shi ake yi. Sunansa wet tha, ka haddace shi tun a jirgi. Shagunan Musulmi suna rubuta lamba 786 a ƙofa, kuma a tsakiyar Yangon da Mandalay ba su da wuyar samu. A can na ci biryani da taliyar kaza mai madarar kwakwa hankali kwance. A ƙauye babu wannan alamar, shi ya sa mohinga ta zame mini abin dogaro, tunda kifi ce. Duk da haka nakan nuna kaskon suya in ce wet tha, in jira a girgiza kai, kafin in bari a karya mini soyayyen waken a kai.