Murya ko ido: wane salo ya dace da dokumentarinki na farko?

'Yar'uwa, na ga tambayarki tun jiya, na bari sai na sami natsuwa. Kin ce a wannan zangon an ba ku aiki biyu: nazarin dokumentari guda, sannan kowa ya shirya nasa na minti goma. Ke kin zaɓi matan da ke share ɗakunan lacca da sassafe, kafin ɗalibai su iso. Abin da ya shige miki duhu shi ne ko ki ɗora murya mai bayani ki haɗa da hira, ko ki ja bakinki ki bar kyamara ta bi su. Kin kuma tambayi wanne ya fi kusa da gaskiya, wanne ya fi sauƙi.

Bari mu raɗa musu suna don kada magana ta cakuɗe. Na farko salon bayani, na biyu salon zuba ido. Idan malaminku yana bin rabe-raben Bill Nichols, wanda ya kasa dokumentari gida shida a littafinsa na 2001, waɗannan biyu ne daga cikin shidan, kuma kusan kowane ɗalibi cikin ɗayansu yake faɗawa.

Salon bayani shi ne babban wa. John Grierson, mutumin Sikotilan da ya yi amfani da kalmar dokumentari a wani sharhin fim a 1926, shi ya jagoranci masu wannan aiki a Birtaniya cikin shekarun 1930. A lokacin na'urar ɗaukar sauti kaya ce guda, fita da ita waje wahala ce. Sai a ɗauko hoto, a koma ɗakin aiki a ɗora masa murya da kiɗa. A fim ɗin Night Mail na 1936, wanda ya bi jirgin ƙasa mai ɗaukar wasiƙu cikin dare, cikin taragon da ake ware wasiƙu ma gina shi aka yi a situdiyo. Ƙanin kuwa bai zo ba sai wajen 1960, da aka sami ƙananan kyamarori masu fim na milimita 16 da rikoda da mutum zai rataya, hoto da sauti suna tafiya tare. Da irinsu Robert Drew da abokan aikinsa suka bi John Kennedy da Hubert Humphrey a zaɓen fid da gwani na jihar Wiskonsin, suka fito da fim ɗin Primary. Wato kowane salo ɗan na'urar zamaninsa ne. Ke kuwa wayar hannunki za ta iya duka biyun, don haka zaɓin ya dawo kanki.

Mu fara da batun gaskiya, domin a nan aka fi zamewa. Mai zuba ido yakan ce gani ya kori ji: ban ce komai ba, ga abin da ya faru. To amma fim ɗin da Leni Riefenstahl ta yi wa jam'iyyar Hitler, wanda ya fito a 1935 kan gangamin Nuremberg na 1934, babu mai sharhi a cikinsa daga farko har ƙarshe, kuma da wuya a sami farfagandar da ta kai shi. Inda aka dasa kyamara da yadda aka jera hotuna su suka yi maganar. Frederick Wiseman, wanda ba ya sa sharhi, ba ya yin hira, yakan yi makonni yana ɗauka sannan ya yi watanni yana tace hoto, shi da kansa bai yarda cewa fina-finansa madubi ne kawai ba, ya ce ginawa ake yi. A ɗaya ɓangaren ga The Thin Blue Line na Errol Morris, 1988: hira ce zalla da kwaikwayon abin da shaidu suka faɗa, har da kiɗa, duk abin da mai zuba ido ke ƙyama. Shekara guda bayan fitowarsa aka saki Randall Adams, wanda aka ɗaure kan kisan ɗan sandan da ba shi ya yi ba.

Ni a ganina ga inda suka rabu. A salon bayani ra'ayin mai fim yana fili, an furta shi, mai kallo zai iya cewa ban yarda ba. A salon zuba ido ra'ayin yana nan daram, amma ya ɓuya a wuraren da aka yanke hoto aka haɗa da wani. Kowannensu zai iya ƙarya. Sai dai ƙaryar na farko ta fi saurin kamuwa.

Wannan shi zai nuna miki yadda za ki yi nazarin. Idan fim mai bayani kika ɗauka, kashe sauti ki kalli minti biyar, ki rubuta abin da kika fahimta. Sai ki juya baya ki saurara ba tare da kallo ba, ki rubuta kowane iƙirari da muryar ta yi. Ki jera takardun biyu. Za ki tarar da wuraren da murya ta ce “talauci ya yi musu katutu” alhali hoton yaro ne yana tsaye bakin ƙofa, ba ya nuna komai sai yaro da ƙofa. Ki tambayi kanki: muryar wa ce, daga ina ta samo iko, wa aka ba dama ya musanta ta? Idan kuma mai zuba ido ne, aikin ya fi cin rai. Ɗauki fitowa ɗaya, ki riƙe agogo, ki ƙirga yanka nawa ne a ciki. Duk inda mutum ke magana sai aka nuna hannunsa, ko agogon bango, ko fuskar mai sauraro, akwai yiwuwar an cire wani abu daga maganar a nan. Ki lura da abin da ya biyo bayan me. Shugaba yana jawabi kan adalci, hoto na gaba mutum yana jira a kan benci: babu wanda ya yi sharhi, amma an yi.

To, sai sauƙi. Babu mai sauƙi a cikinsu, wahalar ce kowanne yake ajiyewa a wuri daban. Salon bayani yana cin ki tun farko: bincike, rubutu, tabbatar da kowace lamba. In kin gama wannan, ɗauka ba ta da tsawo, domin kin san abin da kike nema. Haɗarinsa shi ne ki ƙare da shirin rediyo mai hoto. Na faɗa wannan ramin a fim ɗina na farko. Na rubuta sharhi shafi uku tun ban fita ba, na yi ta yawo ina neman hoton da zan lulluɓe kowace jimla da shi. Da na nuna wa abokan karatu, wani ya rufe ido tun daga tsakiya har ƙarshe, ya ce bai rasa komai ba. Na ji haushi, amma gaskiyarsa.

Salon zuba ido yana barin ki ki fita da wuri, ki ji kamar aiki na tafiya, sai ya tare ki a teburin tace hoto. Za ki dawo da sa'o'i na ɗauka, babu rubutun da zai ce miki ga farko ga ƙarshe. Kuma yana son jira. Ranar farko kowa yana yi wa kyamara wasa, ana gyara tsayuwa, ana dariyar da ba ta kai ciki ba. Sai sun gaji da ke tukuna za ki fara samun abin kirki, zangon karatu kuwa ba ya jiran kowa.

Sauti ne wurin da na fi so ki tsaya, don shi ke kashe fina-finan ɗalibai fiye da hoto. Mai salon bayani zai shiga ƙaramin ɗaki mai labule, ya karanta jimla sau goma har ta yi. Mai zuba ido sau ɗaya maganar ke wucewa, in ta wuce shi ke nan. Ki tuna inda za ki yi aiki: ɗakin lacca babu kowa, bango da siminti, kowace kalma tana amsa-kuwwa, ga ƙarar tsintsiya da bokiti da jan kujeru. Makirfon da ke jikin kyamara daga nesa ɗakin zai ɗauko miki, maganar ta nutse a ciki. Ki samo ƙaramin makirfo na maƙalawa a riga, ko ki sa wata ta riƙe rikoda kusa da mai magana. Kada ki ɗauki komai ba tare da abin sauraro a kunnenki ba. Kafin ku bar kowane ɗaki ki ce kowa ya yi shiru, ki ɗauki minti guda na shirun wurin, da shi za ki cike giɓi lokacin haɗawa. Mai kallo yakan yafe hoto mai ɗan duhu, amma da zarar ya kasa jin magana ya tafi.

Akwai kuma haƙƙin mutanen, kuma a nan salon zuba ido ya fi nauyi. Wadda aka zaunar don hira ta san yanzu ake ɗauka, tana auna kalamanta. Wadda ake bi tana aiki takan manta da kyamara. Mantuwar nan ita kike nema, ita ce kuma za ta iya cutar da ita. Wata za ta zauna ta huta minti biyar, wata ta yi ƙorafi kan mai kula da su. Ke maki za ki samu, su kuwa abincinsu ne za ki taɓa. Fim ɗin Wiseman na farko, Titicut Follies na 1967, wanda ya ɗauka a wani asibitin masu taɓin hankali da ke tsare a jihar Masachusets, kotu ta hana nuna shi ga jama'a sai a 1991, kuma hujjar da aka kafa ita ce sirrin mutanen da ke ciki. Ki nemi izinin hukumar wurin, amma kada ki ɗauka izinin shugaba ya wadatar. Ki zauna da kowace mace ita kaɗai, ki gaya mata inda za a nuna fim ɗin, aji kawai ko har intanet, ki rubuta amincewarta ko ki naɗe ta. Ki nuna musu kafin ki miƙa wa malami. Jean Rouch da Edgar Morin sun yi haka a fim ɗinsu na 1961 kan mazauna Paris, har suka saka muhawarar da ta biyo baya a cikin fim ɗin.

Kowanne kuma yana da abin da ya fi ƙarfinsa. Ido ba ya ganin jiya. Ba zai gaya mana shekara nawa matar ta yi tana wannan aiki ba, ko ƙarfe nawa take tashi, ko me take ji idan ɗalibi ya jefar da takarda a inda ta gama sharewa. Murya za ta faɗi duk wannan cikin daƙiƙa ashirin. Amma muryar ɗalibar jami'a tana yi wa duniya bayanin rayuwar masu shara, su kuma suna wucewa a hoto kamar bebaye, akwai abin da ba ya zauna mini daidai a ciki. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.

Don haka ga abin da zan yi da ni ce ke. Ƙashin bayan fim ɗin ya zama zuba ido, domin abin da kika zaɓa yana faruwa yanzu, a wuri ɗaya, kuma ya zo da farkonsa da ƙarshensa: daga buɗe ƙofa cikin duhu zuwa shigowar ɗalibi na farko. Ki tsaya kan mace ɗaya ko biyu, minti goma ba zai ɗauki shida ba. Sai ki yi hira da su da rikoda kaɗai, babu kyamara, don an fi sakin jiki, ki ɗora muryarsu a kan hoton aikinsu. Dabarar tsohuwa ce. A Moi, un noir na 1958, Rouch ya ɗauki hoto a Abijan babu sauti, daga baya Oumarou Ganda, ɗan Nijar da ya fito a ciki, ya kalli hoton yana magana a kai, maganar tasa ta zama sharhin. Abin da ya rage na lambobi, kamar yawan ɗakuna ko lokacin fara aiki, rubutu layi biyu a kan allo ya isa.

Da a ce abin da kika zaɓa ya riga ya wuce, misali tarihin wani gini da aka rushe, da akasin haka zan ce miki. Babu abin zuba wa ido a nan. Ken Burns ya yi shirinsa na 1990 kan yaƙin basasar Amurka da tsofaffin hotuna da wasiƙu da muryoyi, kuma ya riƙe masu kallo.

Ki je safiya biyu ko uku babu kyamara, ki ga yadda aikin ke gudana, ki san inda za ki tsaya. In kin fara ɗauka, kowane hoto ki riƙe shi aƙalla daƙiƙa goma kafin ki motsa, hannu yakan yi gaggawa. A ranar ki kwafe komai wuri biyu, ki rubuta abin da ke cikin kowane fayil tun kina tunawa. Haɗin farko ki yi shi babu murya ko ɗaya, ki nuna wa wanda bai san komai game da aikin ba, ki tambaye shi me ya gane. Inda ya ɓace, nan ne kawai ke buƙatar magana.

Abu na ƙarshe, tunda kafin gari ya waye za ki yi aiki: dogayen fitilun nan na ɗakunan karatu sukan sa hoto ya riƙa ƙyafce-ƙyafce ko ya fito da layi-layi, ido ba ya gani sai a kyamara. Ba a fafe gora ranar tafiya, ki gwada tun da wuri. In kin ga haka, ki saita saurin ƙiftawar kyamara a kan ɗaya bisa 50 na daƙiƙa inda wutar lantarki ke juyawa sau 50 a daƙiƙa, ko ɗaya bisa 60 inda take sau 60, ki sake dubawa a babban allo kafin ranar ɗauka.