Tanti uku, biki biyu: wanne zai kai ka Argungu ya kuma kai ka Ingal?

Ɗan'uwa, ka ce kai da abokinka kuna shirin zuwa bikin kamun kifi na Argungu, kuɗin masauki ya fi ƙarfinku, kuma in Allah ya kai mu watan Satumba kuna son ku leƙa Ingal ta ƙasar Nijar ku ga taron makiyaya na Cure Salée. Ka ga tanti iri uku a kasuwar intanet: mai buɗewa da kansa da zarar an sake shi, mai sanduna biyu da ake gicciyawa, da kuma gidan sauro mai tsayuwa da ƙafarsa. Tambayarka, wanne ya dace da mai ƙaramin ƙarfi.

Ni dai mai sanduna biyu zan ce ka saya, amma da sharaɗi: ya zama mai rufi biyu. Ga dalilina.

Wuraren nan biyu ba abu ɗaya suke nema a wurin tanti ba. Bikin Argungu a ƙarshen hunturu ake yinsa, Fabrairu ko Maris, lokacin da ba a zancen ruwan sama. Abin da zai dame ka a can sauro ne, don gari ne na bakin kogi da fadamun shinkafa, sai ƙurar dubban mutanen da ke tururuwa zuwa kogin Matan Fada inda ake kamun kifin, sai kuma rana wadda tun hantsi take hana zaman cikin tanti. Ingal kuwa, da ke yamma da Agadez, ƙarshen damina ake taruwa, sa'ad da Buzaye da Fulani Bororo suke koro dabbobinsu zuwa ƙasar gishiri. Fili ne fetal. Hadari in ya taso, iska da ƙura ne ke yi masa jagora kafin ruwa ya sauka, ga ƙarangiya ta nuna. Saboda haka tantin da zai yi maka daɗi a Argungu yana iya kunyata ka a Ingal.

Mai buɗewa da kansa shi ne ke ɗaukar ido a bidiyon 'yan talla. Ka cire ɗauri, ka sake shi, ya tsaya. Gaskiya ne, kafa shi ba ya cin minti ɗaya, kuma wanda ya iso gari da dare a gajiye zai gode masa. Rigimar tana wajen naɗewa: sai an murɗa zoben cikinsa ya yi siffar lamba 8 sannan a haɗe, wanda bai koya ba kuwa sai ya tara 'yan kallo. Ko an naɗe shi ma ba ya zama ɗan ƙunshi, faifai ne mai faɗin tayar keke. Yanzu ka tuna yadda ake lodi a tasha, buhu kan buhu a bayan mota, yaron mota ya hau ya danna da gwiwa. Zoben nan in ya lanƙwashe ko ya karye, tantin ya tashi daga aiki, don ɗinke yake cikin yadin, ba a zare shi cikin sauƙi. A kan kabu-kabu kuma iska ce za ta riƙa fizgar ku. Masu arahar cikinsu rufi ɗaya ne, gajeru, iska mai ƙarfi tana kwantar da su a kan fuskar mai barci. Akwai nagari, kamar Quechua 2 Seconds na kamfanin Decathlon wanda ya fito tun 2005, mai rufi biyu. Sai dai wannan ya fita daga sahun araha, kuma yawancin waɗanda ake tallatawa da irin hotonsa kama ce kawai.

Gidan sauro mai tsayuwa shi ne mafi sauƙin kuɗi, kuma ba zan raina shi ba. In da Argungu kaɗai za ka, kwana biyu ko uku, kuma ka sami harabar makaranta ko tsakar gidan wani da za ka shimfiɗa tabarma, ya ishe ka, har ya fi sauran shan iska. Amma don kan katifa aka yi shi. Wasu ba su da ƙasa, kunama da cinnaku suna da hanya. Babu sutura, ba ka canja kaya a ciki, ƙura tana ratsa shi yadda ta ga dama. Zancen Ingal kuwa kada ma a fara.

Mai sanduna biyu yana ɗaukar kamar minti 10 kafin ya tsaya, mutum biyu kuma sun fi sauri. In an naɗe, ɗan dogon ƙunshi ne da bai wuce rabin mita da kaɗan ba, nauyinsa kilo 2 zuwa 3, yana shiga jaka ko ƙarƙashin kujerar mota. Sandunan gaɓa-gaɓa ne, da roba a ciki tana riƙe su. Gaɓa ɗaya in ta tsage, sai a zura mata guntun bututu a naɗe da salatif, a ci gaba da kwana. Wannan kaɗai ya isa ya sa in fifita shi, don kayan da ake gyarawa a hanya ya fi kayan da sai dai a zubar.

Abin da ya sa na nace a kan rufi biyu shi ne, tanti biyu ne ka saya da kuɗin ɗaya. Na ciki rabinsa raga ce, na waje kuma shi ke tare ruwa. A Argungu ka cire na wajen da dare, ka sami gidan sauro mai ƙasa da zif, da rana ka mayar don ƙura da idon mutane. A Ingal ka ɗaure na wajen tamau. Tazarar da ke tsakanin rufin biyu kuma tana maganin wani abu da mutane ba su sani ba sai sun kwana: numfashin mutum biyu a rufaffen wuri yana taruwa a jikin yadi ya zama ruwa, da asuba ya riƙa ɗiga. A mai rufi ɗaya a kanka zai sauka, har ka rantse tantin yoyo yake yi. A nan ne 'yan kasuwa suke wayo. Akwai mai sanduna biyu da ake ɗora wa 'yar hula a ƙoƙuwa, a rubuta rufi biyu. Ba shi nake nufi ba. Rufin waje ya sauko har kusa da ƙasa ta kowane gefe.

Lambobin da ke jikin kwali, biyu ne suke da amfani. Na farko shi ne mai “mm” a gabansa, wato yawan ruwan da yadin ke iya tarewa kafin ya ratsa. 1500 ya isa yayyafi da ɗan matsakaicin ruwa, don Ingal ka nemi 2000 zuwa 3000, kuma ka juya rufin ka ga ko an bi ɗinkin da siririyar leda, don ta ramin allura ruwa yake fara shiga. “190T” da suke rubutawa da manyan baƙi ƙirgar zaren saƙa ce, ba ta ce komai game da ruwa ba. Na biyu shi ne awo. Tantin da aka ce na mutum biyu faɗinsa yakan tsaya wajen santimita 120 zuwa 130, wato kafaɗa da kafaɗa, babu wurin jaka. Ku biyu da kayanku, na mutum uku za ku saya, bambancin kuɗin bai taka kara ya karya ba. Tsayinsa daga ƙasa zuwa sama duk bai wuce mita ɗaya da 'yan kai ba, sallah dai a waje za a yi ta. Launi kuma ka ɗauki mai haske, baƙi da shuɗi mai duhu suna shan rana.

Gwanjo yakan fi sabo mai araha inganci, in ka iya dubawa. Ka sa a kafa shi a gabanka, ka ƙirga sanduna, ka ja zif sama da ƙasa sau da yawa. Ka shafa cikin rufin waje: in yana danƙo ko yana ɓarewa kamar garin rogo, abin da ke tare ruwan ya mutu, ka bar shi ko da kyauta ne.

Turakun da ke zuwa da tanti mai araha siraran wayoyi ne, ba sa kama yashi. Ka je wurin mai walda ya yanka maka guntayen rodi masu tsawon kamar santimita 30, ya lanƙwasa kawunansu. Inda yashi ya yi laushi ƙwarai, ka cika ƙaramin buhu da ƙasa, ka ɗaura igiyar, ka binne. Ka tafi da tamfol na shimfiɗawa a ƙasa saboda ƙaya, amma ka ninke bakinsa kada ya leƙo waje, in ba haka ba shi zai tara ruwa ya kai maka ƙarƙashin shimfiɗa. Zif kuwa yashi ne ajalinsa, tsohon buroshin haƙori da guntun kyandir na gogawa sun ishe shi.

Gawayi ba ya shiga tanti, komai sanyi, ko don shayi. Hayaƙinsa marar wari yana kashe mutum cikin barci, yadin kuma narkewa yake yi in ya ga wuta, har da ta maganin sauro na kunnawa. Kwaɗo a jikin zif ba ya hana mai reza, waya da kuɗi su zauna a jikinka duk inda za ka. Kuma kada ka kafa a inda ka ga dama: a Argungu ka tambayi masu shirya biki ko jami'an tsaro inda aka yarda baƙi su kwana, a Ingal ka sauka kusa da mutanen da suka san ka, nesa da hanyar raƙuma da kwarin da ruwa ke bi. Ita hanyar Ingal ɗin ma ka tambayi mutanen Agadez halin da take ciki kafin ka biya kuɗin mota.