Ƙirga da Ibrananci: Jerin Mace ko na Namiji?

A Ibrananci, lambobi daga 1 zuwa 10 jeri biyu ne. Na mace: ahat, shtayim, shalosh, arba, hamesh. Na namiji: ehad, shnayim, shlosha, arba'a, hamisha.

Ni dai na mace nake so sabon ɗalibi ya fara riƙewa. Da shi ake ƙirga zalla, da shi ake faɗin ƙarfe nawa, da shi ake karanto lambar waya. Wasu kalmominsa ma sun fi gajarta a baki.

Na namiji kuwa sai an shiga kasuwa, domin shekel, kuɗin Isra'ila, namiji ne: hamisha shkalim, shekel 5 ke nan. Wanda ya yi Larabci ba zai ruɗe ba, ya san yadda lambar namiji ke ɗaukar ƙarshen mace. Da ka kai 40 da 50, arba'im da hamishim, kunnenka zai ji arba'in da hamsin ɗinmu.