Gembu da bazara: direba ya burge, masauki da saura

Wanda zafin Afrilu na Kano ya ishe shi, Gembu ta isa wurin gudu. Garin yana kan tsaunin Mambila a jihar Taraba, shi ne hedikwatar ƙaramar hukumar Sardauna, kuma tudun ya kai kimanin mita 1,600 sama da teku. Wani ƙaramin kamfanin shirya tafiye-tafiye na nan Kano ne ya kai mu, a kansa zan yi magana.

Kuɗina sun halatta a wajen direba. Tafiyar ba ta wasa ba ce: Gombe, Numan, kwana a Jalingo, washegari Bali da Serti. Daga Mayo Selbe ake fara hawan dutse, kwana kan kwana, ga rami a gefe. Dattijon nan bai bar ƙaramar giya ba, kowace kwana sai ya danna hon. Da wani matashi ya ce a ƙara wuta, cewa ya yi, "Yaro, mai gaggawa ba ya hawa Mambila." Kafin Nguroje duk mun rufe gilashi, masu rigar sanyi sun zaro.

Ɗan rakiyar da suka haɗa mu da shi ma ya san aikinsa, ga Fulatanci a bakinsa, wanda a kasuwannin can ya fi Hausa tafiya. Ya kai mu gonar shayi ta Kakara, inda ake yin Highland Tea. Mata na tsinkar ganyen saman da yatsu suna jefawa a kwandon da ke bayansu, hazo kwance a kan tudu, shanu na kiwo a ciyawa shar, alhali a Kano ko yayyafi ba a yi ba.

Masaukin ne matsala. An yi mana alkawarin ruwan zafi, sai ga bokiti ɗaya ana rabawa ɗaki uku. Alwalar asuba a Gembu da ruwan sanyi, hannu har ƙagewa yake. Bargon kuma siriri. Mun yi magana, an ba da haƙuri, ba a gyara ba.

Sun kuma cusa gandun dajin Gashaka Gumti a ranar dawowa, muka leƙa a tsaitsaye. Gara a cire shi ko a ware masa yininsa.

Zan sake bin su, amma sai na ga hoton ɗakin kafin in biya, kuma da bargona zan tafi.