WhatsApp Community ga ƙungiyar tsofaffin ɗalibai a shekarar biki: inda ta yi da inda ta gaza

Ƙungiyar tsofaffin ɗalibai da ke shirin bikin cika shekara 50 ko 100 tana da aiki uku a gabanta: tattaro 'yan'uwa da suka warwatsu, tara kuɗi, da adana tarihi. Tsarin Community da WhatsApp ya fito da shi a Nuwamban 2022 ya ƙware a na farko. A sauran biyun kuwa, kada a dogara da shi.

Ɗauki makaranta irin Kwalejin Barewa, wadda aka kafa a Katsina a 1921, ta koma Kaduna a 1938, sannan Zariya a 1949, ta kuma cika shekara ɗari a 2021. Makarantar da ta yaye Sardauna Ahmadu Bello, Tafawa Ɓalewa, Gowon, Murtala, Shagari da 'Yar'aduwa tana da dattijo mai shekara tamanin da saurayin da ya fita bara a ƙungiya ɗaya. Zauren WhatsApp guda, wato group, ba zai ɗauke su ba, domin iyakarsa mutum 1,024, kuma tun kafin a kai rabin haka barkwancin samari ya kori manya. Community tana warware wannan: kowace shekarar fita da zaurenta, kowane reshe na gari da nasa, kwamitin biki da nasa, duk a ƙarƙashin inuwa ɗaya, ga zauren sanarwa da shugabanni kaɗai ke rubutu a ciki. Sanarwar rasuwa ko ta ɗaurin aure tana isa ga kowa sau ɗaya, ba sai an yi ta turawa zaure-zaure ba. Wannan kaɗai ya isa dalilin buɗe ta, ga shi kyauta ne, data kawai take ci.

Wajen shigar da mutane ake fara yin kuskure. A kunna amincewar admin kafin kowa ya shiga, kuma kada a saki mahaɗin gayyata a Facebook. Duk mai neman shiga ya faɗi shekarar fitarsa, gidan kwanansa da lambar shigarsa makaranta ('yan Barewa da lambarsu mai harafin B suke gane juna), sannan mutum biyu daga ajinsa su shaide shi. Dalili shi ne 'yan damfara sun gane cewa zauren tsofaffin ɗalibai wuri ne da ake yarda da juna. Sai su kira mutum su ce za a yi taro ta intanet, ya karanto musu lamba shida da aka turo masa. Yana karantawa sun ƙwace asusunsa, su shiga roƙon kuɗin asibiti da sunansa. Maganin ba wuya: kowane admin, musamman ma'aji, ya kunna tabbatarwa mai mataki biyu ya sa lambar sirri.

Ƙuri'ar jin ra'ayi tana ɗaukar zaɓi har 12, ta dace da zaɓen launin anko ko ranar taro. Ba ta dace da zaɓen shugabanni ba, saboda kowa yana ganin wanda kowa ya zaɓa, kuma ƙaramin ɗalibi ba zai iya ƙin babban yayansa a bainar jama'a ba. Kiran bidiyo yana ɗaukar mutum 32, ya ishi kwamiti, bai ishi babban taro ba.

Maganar kuɗi ita ce ta fi ɓata zumunci. A Nijeriya babu biyan kuɗi a cikin manhajar, don haka sai a koma turo hoton rasit. Hoto ba shaida ba ne, ana iya ƙirƙira shi, kuma cikin kwana biyu ya nutse a ƙarƙashin gaisuwar Juma'a. Ƙungiya ta yi rajistar amintattu a hukumar CAC mai rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, ta buɗe asusun banki da sunanta, sa hannun mutum biyu cikin uku. Kuɗin gyaran ɗakin kwana, na tallafin karatun marayun 'yan'uwa da na walima kowanne da shafinsa a littafin ma'aji, mai biya ya rubuta shekarar fitarsa da dalilin biya. Duk ƙarshen wata a sa bayanin banki a zauren sanarwa, a maƙala shi a sama. Maƙalawar ba ta wuce kwana 30, sai a sabunta.

Tarihi ma yana salwanta a nan, abin da ya fi ba ni takaici. Dattijo zai ciro hoton ajinsu na 1962 daga akwati, ya turo, manhajar ta matse shi har maɗaba'a ta ce ba zai fito a littafin biki ba. A tura shi a matsayin fayil, wanda ke ɗaukar har 2GB ba tare da rage inganci ba, an fi so a yi masa sikanin a 300 dpi (ma'aunin kaifin hoto) ko sama. Saƙon muryar da tsoho ya ba da labarin malamansu yana iya ɓacewa ranar da waya ta lalace. Sakatare ya riƙa kwashe su duk mako zuwa kwamfuta da wata ma'ajiya ta intanet, ya rubuta sunan mai magana, shekarar fitarsa, da sunayen mutanen da ke cikin kowane hoto daga hagu zuwa dama tun masu gane fuskokin suna raye.