Shagon littattafan Kirista a Sabon Gari: a nemi bugu mai bayani a ƙasan shafi

Shagon ƙarami ne, ba shi da allo, kuma ɗan kabu-kabu ba zai kai ka ba sai ka yi masa kwatance. Ɗaki ɗaya ne da kanta biyu, fanka tana juyawa in akwai wuta. Ni malamin tarihi ne a nan Damagaram, Musulmi, abin da ya kai ni kuwa darasin Daular Rum ne: ɗalibai kan tambaye ni wa ya rubuta Linjilar da ke hannun Kirista, ni kuma ba na son amsawa da jita-jitar majalisa.

Mai shagon dattijo ne, kuma ya san hajarsa. Ya jera mini littattafai uku: Sabon Alkawari na Hausa ɗan ƙarami na aljihu, cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa, da bugun Faransanci na TOB, wanda Katolika da Furotesta da 'yan Otodoks suka haɗu suka fassara. Na ce, "Baba, wanne za ka ba ni?" Ya ce, "Malam, in karatun ibada ne, ƙaramin ya isa. In tambaya kake da ita, ɗauki mai nauyin." Na kwashe na aljihun da TOB ɗin, ya yi mini ragi ba tare da na taya ba.

Gaskiyarsa. Na aljihun rubutunsa ya fita tas, Hausarsa ta Kano ce amma ba ta gagari Badamagare ba, sai dai babu gabatarwa, babu bayani. Ka buɗe ka ga Matiyu, Markus, Luka, Yahaya, ka ɗauka kowa ya sa hannu a littafinsa. Alhali babu wanda ya ambaci sunansa a cikin nassin. Sunayen daga baya suka zauna: wajen shekara ta 180 Ireniyus, bishop na Liyon da ke Faransa ta yau, ya jera huɗun da sunayensu, kafin shi kuma wani bishop mai suna Fafiyas ya ce Markus tafintan Bitrus ne, almajirin Annabi Isa (AS). Yawancin masana na ganin an rubuta Markus wajen shekara ta 70, Matiyu da Luka tsakanin 80 da 90, Yahaya a ƙarshen ƙarni na farko, dukkansu da Girkanci, alhali Annabi Isa (AS) da Aramiyanci ya yi wa jama'a magana. Irin wannan bayani ne bugun Faransancin yake gabatarwa kafin kowane littafi.

Inda kuɗina ya fi fita shi ne ƙarshen Markus. A na aljihun, sura ta 16 ta zarce har aya ta 20 lami lafiya. A TOB kuwa akwai bayani a ƙasan shafi cewa ayoyi 9 zuwa 20 babu su a wasu tsofaffin kofe. Manyan kofe biyu na ƙarni na huɗu, na Sinai da na Batikan, a aya ta 8 suka tsaya, inda matan da suka je kabarin da aka ce an sa Annabi Isa suka gudu a tsorace ba su gaya wa kowa kome ba. Haka labarin matar da aka kama da zina, Yahaya 7:53 zuwa 8:11, shi ma babu shi a kofen da suka fi tsufa. Masanan Kirista da kansu ne suka rubuta hakan a littafinsu.

Sauran sai ka sa yatsa a shafi biyu ka gwada da kanka, don ba kowane saɓani aka yi wa alama ba. Matiyu 1:16 ya ce Yusufu mijin Maryamu ɗan Yakubu ne, ya bi da nasabar ta kan Sulemanu ɗan Dauda. Luka 3:23 ya ce ɗan Heli, ya bi ta kan Natan, wani ɗan Dauda daban. Matiyu ya sa haihuwar Annabi Isa a zamanin sarki Hirudus, wanda ya mutu shekara 4 kafin miladiyya, Luka kuma ya haɗa ta da ƙidayar jama'a ta Kiriniyus, gwamnan Rum a Siriya, wadda tarihi ya sani a shekara ta 6 bayan miladiyya. Wannan ne ya fi ɗaure mini kai, tunda lissafin shekaru shi ne sana'ata. A bakin kabari ma, Markus saurayi ɗaya ya ambata, Luka maza biyu.

Da na sake biyowa na kawo wa Baba maganar nasabar. Bai ɗaga murya ba, bai kuma sauya zance ba. Ya ce a wurinsu da yawa suna ɗaukar ta Luka nasabar Maryamu ce, kuma shaidu huɗu da bakinsu ya zo ɗaya harafi da harafi, alƙali ma sai ya zarge su da haɗa baki. Amsar farko ba ta gamsar da ni ba, domin Luka sunan Yusufu ya rubuta. Ta biyun tana da nauyinta, ko da yake Matiyu da Luka sun kwaso da yawa daga Markus, wani wurin kusan kalma da kalma, don haka ba shaidu huɗu ne masu zaman kansu ba.

Aibin shagon ba ya ɓuya. Ƙura ta cinye bangon wasu littattafan, ba ya buɗewa ranar Lahadi, da rana tsaka ma sau da yawa a kulle yake. Babban giɓin kuwa: babu littafin da ya jera Linjila huɗun a gefen juna cikin Hausa, wanda ba ya jin Faransanci sai ya yi ta juya shafi. Baba ya ce zai tambaya a Maraɗi. In za ka je, je da hantsi, ka riƙe canji, ka kuma duba ɗinkin TOB ɗin kafin ka biya, don kofe biyu na gani a kantar, ɗaya bayansa ya fara sakewa.