Jinya a gida: aikin nas ya yi kyau, maganin zafin ciwo ne ya gagara

Kamfanonin da ke tura ma'aikatan jinya gidajen marasa lafiya sun fara yawa a Kano, kuma ɗaya daga cikinsu muka ɗauka bayan an sallamo gwaggona daga asibiti da sankarar mama wadda ta riga ta kai ga ƙashi. Ta fuskar jinya ba ni da ƙorafi. Sista tana zuwa a kan lokaci, tana wanke gyambo da tsafta, ta kuma koya wa matan gida yadda ake juya mara lafiya don kada kwanciya ta ci mata baya.

Inda aka samu tangarɗa shi ne abin da ya fi damun mai ciwon, wato raɗaɗi. Kamfanin ya yi alkawarin kula da zafin ciwo, amma abin da ke jakar Sista bai wuce farasitamol da diclofenac ba, alhali na biyun yana iya taɓa ciki da ƙoda idan dattijuwa ta daɗe tana shan sa. Tun 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da matakan magance zafin ciwon daji, inda ta nuna cewa idan ya tsananta morfin ne maganinsa, kuma morfin na sha ana bayar da shi duk bayan awa huɗu, ba sai mara lafiya ya fara kuka ba. Sista ta san wannan sarai, sai dai ba ta da hurumin rubuta shi, kuma kamfanin ba shi da likitan da zai rubuta.

Don haka duk lokacin da magani ya ƙare sai wani ya koma asibiti ya bi layin ganin likita, bayan ya samu takarda kuma a ce masa babu a ɗakin magani. Kemis ba ya ajiye morfin, domin ta hannun Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya yake shigowa, daga rumbunta na Oshodi a Legas, kuma kowane awo sai an rubuta shi a rajista. Ga kuma tsoro: tun da aka haramta maganin tari mai kodin a 2018, ana kuma ta kama tiramadol, ma'aikata suna ɗari-ɗari, iyalai ma haka. Wani dattijo a gidanmu ya ce kada a mayar da gwaggo 'yar ƙwaya, sai Sista ta ce masa, “Baba, wanda ciwo ya hana barci daban, mai neman maye daban.” Wannan haƙurin nata ya cancanci yabo.

A Yuganda, tun 2004 doka ta ba nas-nas masu horo na musamman damar rubuta morfin na ruwa, kuma ma'aikatan Hospice Africa Uganda, ƙungiyar jinyar masu ciwon da ba ya warkewa, wadda Dakta Anne Merriman ta kafa a 1993, suna kai shi har gida. Ba laifin kamfanin ba ne cewa babu irin wannan dama a nan, amma laifinsa ne yin alkawarin da ba shi da hanyar cikawa. Wanda zai ɗauke su don wankin rauni ko jinyar tsoho ba zai yi asarar kuɗinsa ba. Mai majinyacin daji kuwa, kafin ya biya ya tambaye su wane likita ne zai rubuta magani, kuma a wane asibiti za a karɓo shi.